Muryar Aro a Kan Ganuwar Shkodra

Shafi na 14

Masu aiko mini da saƙo kuna cewa matata Teuta ba ta da imani, na gani. Masu cewa ni ne ragon da ya kasa tsawata wa iyalinsa, ku ma na gani. Ku karanta wannan shafin tukuna, sannan wanda ya tabbata da shi ne da ya fi mu iyawa ya ɗaga hannu.

Mun tsaya a inda surukina, Baba Ruzhdi, ya kafe cewa ba zai kwanta a yi masa aikin zuciya ranar Litinin ba sai an kai shi garin Shkodra ya nemi gafarar ƙanensa Esat, wanda rabon su da magana tun zamanin mulkin kwaminis. Abin da bai sani ba shi ne mun binne Esat, ko arba'in ba a yi ba. Likita ya ce a kiyaye masa duk abin da zai girgiza shi kafin aikin, sai muka yi shiru. Yau ga shirun nan zai shiga mota tare da mu.

Da safiyar Asabar muka bar Tirana, babban birnin ƙasarmu. Ni ke tuƙi. Baba yana gefena cikin kwat ɗinsa na zuwa biki, Teuta a baya ta rungume jakar magunguna kamar za a ƙwace mata.

"Ango, wannan tuƙi ne ko rakiyar gawa?"

Na ji Teuta ta ƙware da yawu. Mun aurar da 'yarmu ta fari, amma har yau Ango yake kirana.

"A hankali dai, Baba, saboda zuciyarka."

"Zuciyata ta fi motarka lafiya. Taka mana, Astrit, kada kifin Amarya matar ƙanena ya huce."

Muna shiga Shkodra kekuna suka yanyame mu, tsofaffi da burodi a kwando, 'yan mata bibbiyu a keke ɗaya. Baba ya sauke gilashi ya ja numfashi.

"Kun ji? Ƙamshin tafki ke nan. Ku mutanen Tirana hayaƙi kuke shaƙa kuna cewa birni."

Lungun gidan Esat ba ya ɗaukar mota, sai muka sauka a bakinsa. A nan akwai turken lantarki, kuma babu tsohon da zai wuce turke a ƙasarmu bai tsaya karanta takardun rasuwar da ake mannawa ba. Baba ya zaro tabarau.

"Bari in ga wa ya riga ni."

Teuta ta sa an ɓamɓare ta Esat tun jiya, amma ban san ko an yi aikin da kyau ba. A tsakiyar takardun akwai wani fili da aka yage, saura gam da ɗan kusurwar takarda.

"Wannan kuma wane marar tarbiyya ne ya yage? Mutum ya mutu ma ba za a bar shi ya huta a jikin turke ba?"

"Yara ne, Baba. Mu je, rana tana dukanka," in ji Teuta, ta ja hannunsa.

Inna Ikbale, matar Esat, ita ta buɗe mana ƙofa. Shuɗiyar riga ce a jikinta mai fararen furanni.

Ranar jana'iza baƙi ne a jikinta, kayan takaba, tun daga ɗankwali har safa, kuma haka ya kamata ta zauna aƙalla shekara. Teuta ce ta yi ta roƙon ta a waya har ta yarda ta cire na yini ɗaya. A unguwa irin wannan, matar da ta cire baƙi kabarin mijinta bai bushe ba, har ta mutu da baki za a riƙa nuna ta.

Maƙwabciyarta tana ba furanni ruwa a tsallaken lungu. Ta dubi rigar daga sama har ƙasa, ta ajiye butar, ta shige gida ta bugo ƙofa. Inna Ikbale ta gani. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Amarya," in ji Baba.

Ta kusa saba'in, amma matar ƙane amarya ce har abada.

"Yaya. Ka tsufa."

"Ke kuma kin ƙi."

"Shigo mana, ko sai an shimfiɗa maka darduma kamar minista?"

Ya shiga yana dariya, idonsa yana yawo a tsakar gida. Keken Esat yana jingine da itacen ɓaure. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ina yake?"

"Italiya, wajen Sokol. An yi masa aikin ido."

Ta faɗe shi tiryan-tiryan kamar yadda Teuta ta koya mata. Sokol ɗansu ne tilo, yana aikin gini a can.

Baba ya zauna a hankali.

"Ya san zan zo?"

"Bai sani ba."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da aka faɗa a ɗakin.

Ta kawo gahawa mai sukari, da alewa a ɗan faranti. Tun ranar rasuwar zaƙi bai shiga gidan ba, don ba a ba da shi a gidan makoki. Baba ya ɗaga nasa.

"Allah ya sa alheri ne zai riƙa kawo mu gidan nan."

"Amin," ta ce, tana kallon bango.

Da aka kawo kifin tafki gasasshe da albasa, ya yaba, ya tsokane ni cewa mutanen Tirana ba su san kan kifi daga wutsiyarsa ba. Amma loma kaɗan ya yi ya ture farantin.

"Ku kai ni kan ganuwa."

"Baba, hawan nan fa..." na ce.

"A can muka yi maganarmu ta ƙarshe da shi. Daga can za ku kira mini shi a waya."

Teuta ta ajiye cokali.

"Idonsa a naɗe yake, Baba."

"Kunnen ma an naɗe?"

"Likita ya ce..."

"Likita ya ce ranar Litinin ko in tashi ko kada in tashi. Ke ma kina wurin. Ba zan shiga ɗakin nan da wannan kayan a ƙirjina ba. Ko ku kira shi, ko ku gaya wa likitanku ya nemi wani ya yanka."

Ya jingina da kujera ya lumshe ido. Maganar ta ƙare ke nan.

Muka kwashe kwanuka mu uku muka shige ɗakin girki. Teuta ta tura ƙofa da ƙafa.

"Sokol," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Sokol me?" na ce.

"Muryarsu ɗaya da mahaifinsa. Ko ni in ya kira sai gabana ya faɗi. Baba ba ya ji sosai, kuma rabon da ya ji muryar Baffa Esat tun yana saurayi."

Inna Ikbale ta bar famfo yana zuba, ta juyo.

"Na cire baƙi. Na sa sukari a gahawa. Yanzu kuma muryar mijina zan ba ki aro?"

"Inna, kalma biyu ce kawai. Na yafe. Shi ke nan, ya kwanta a yi masa aiki hankalinsa kwance."

"Teuta, wanda aka yi wa laifi shi ke yafewa," na ce. "Mu su wa?"

"Kai dai yi mana shiru da littattafanka na bakin titi. In ya faɗi a nan, su za su ɗaga shi?"

Ni makanike ne, abin da na sani na karatu a tsofaffin littattafai na tsinta, kuma babu wanda a cikinsu ya gaya mini matsayin yafiyar ƙarya in ita ce za ta riƙe ran mutum.

Laifin da duk dangi suka sani shi ne wannan. Esat yana saurayi aka kama shi a bakin tafki yana shirin tsallakawa ƙetare, lokacin da barin ƙasa cin amana ne. Baba Ruzhdi, yana malamin makaranta, ya miƙe a gaban taro ya ce shi ba shi da ƙane. Esat ya yi shekara goma da wani abu yana haƙar tagulla a kurkuku, ya fito babu haƙori, da tarin da bai rabu da shi ba. Inna Ikbale ta jira shi duk tsawon lokacin nan.

Teuta ta kira Sokol. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye.

"Yaya Teuta, kin haukace ne?"

"Saurare ni..."

"Ubana bai yi arba'in ba, ki ce in ɗauki muryarsa in yi wasan kwaikwayo? Wa ma zan yi wa? Mutumin da ko sau ɗaya bai taka gidanmu ba?"

"Kai ka rasa uba, Sokol. So kake ni ma in rasa nawa?"

"Ke kin samu naki da haƙoransa."

Inna Ikbale ta goge hannu ta karɓi wayar.

"Yi mata."

"Mama!"

"Ba don ita ba. Ubanka ba zai so a ce labarin mutuwarsa ne ya kashe yayansa ba. Kuma na riga na cire baƙi, unguwa ta gan ni. Kada ya tashi a banza."



"Kalma biyu," in ji Sokol. "Daga nan in kashe wayata."

Na hau da mota har kusa da ƙofar ganuwa, tsohuwar katangar yaƙi da ke kan tudun gefen gari. Sauran hanyar duwatsu ne masu santsi, sai na riƙe Baba a hammata, muna tafiya muna hutawa. Wurin cike yake da masu yawon Asabar. Wata amarya tana jan farar riga a kan kango ana ɗaukar ta hoto, angon yana riƙe mata takalma.

"Dubi wancan," in ji Baba yana haki. "Tun yau ya fara aikin da zai yi har ya mutu. Ko ba haka ba, Ango?"

"Haka ne, Baba."

"Ka ji shi, ko musu babu. Teuta ta gama da kai."

Ya ja mu har can ƙarshen bango, inda babu mutane. Tafkin yana shimfiɗe a ƙasa, fari fat saboda rana, kogi yana fita daga cikinsa, ga duwatsun ƙetare a can gaba. Ya zauna a kan wani dutse ya nuna da sandarsa.

"Yanzu mutane suna zuwa can cin abincin rana su dawo. A lokacinmu jiragen sintiri ne a ruwan nan. Duk wanda fitilarsu ta haska yana iyo, ba a tambayar sunansa."

Ya miƙa hannu.

"Kira shi."

Teuta ta danna, ta sa a lasifika saboda kunnensa, ta riƙe masa wayar kusa da fuska. Na laluba aljihuna na tabbatar ƙwayar da ake sa masa ƙarƙashin harshe tana nan.

Aka ɗauka.

"Esat?"

Shiru.

"Esat, ni ne. Ruzhdi."

"Na'am, Yaya."

Inna Ikbale ta dafa bango da hannu biyu. Ko ni da na san komai, sai da na ji kamar kabari ne ya buɗe.

"Muryarka ta yi ƙarfi," in ji Baba.

"Taliyar Italiya ce."

Baba ya fashe da dariya, hawaye suna zubo masa.

"Kana nan yadda kake, ɗan banza. Ka san inda nake? Ina kan ganuwa, a kan dutsen nan namu."

"Yaya, na yafe. Komai ya wuce. Allah ya ba ka lafiya."

Teuta ta saki numfashi, yatsanta ya nufi wurin kashewa. Baba ya cafke hannunta.

"A'a. Kada ka yi sauri. Ba ka san abin da kake yafewa ba."

"Baba, ya ce ya yafe, ka bar shi ya huta..."

"Yi mini shiru, Teuta. Da ƙanena nake magana."

Ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Kana ji na?"

"Ina ji."

"Kowa ya san na tashi a taro na ce ba ni da ƙane. Wannan ƙarami ne. Wannan kowa ma ya yi a lokacin. Ba shi ya kawo ni ba."

Na dubi Teuta. Fuskarta ta nuna ita ma ba ta san inda ya dosa ba.

"A nan ka gaya mini ranar da za ka tafi. Ka nuna mini da yatsa inda ka ɓoye robar tayar da za ka yi iyo da ita, can cikin ciyawar bakin ruwa. Ka ce in kula da Mama. Ka tuna?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Washegari na tafi ofishin 'yan tsaro. Da ƙafata na je, Esat. Babu wanda ya kira ni. Babu wanda ya mare ni. Na gaya musu rana, na gaya musu wuri."

Iska ta ɗauke wa Teuta gashi ta rufe mata fuska, ba ta ko gyara ba.

"Na roƙe su su kama ka a tudu, kafin ka shiga ruwa. Na ce wa kaina, a ruwa harbe ka za su yi, a tudu kuwa ɗauri ne kawai. Na ce gara ƙane a kurkuku da ƙane a ƙarƙashin tafki. Wannan nake gaya wa kaina kullum in na kwanta."

Ya tsaya ya ja numfashi. Na matso da ƙwayar, ya ture hannuna.

"Amma akwai ɗayar. Da ka tsallaka, da an kwashe mu duka a babbar mota an kai mu ƙauyen horo. Ni, da Mama, da matata, da Teuta tana jaririya. Da ba ta ga ƙofar makaranta ba. Wannan ma na sani lokacin da nake tafiya ofishin nan."

Teuta ta toshe bakinta da hannu ɗaya. Ɗayan yana riƙe da wayar.

"Ban san wanne ne ya kai ni ba. Wallahi ban sani ba. Na yi ta tambayar kaina har na tsufa. Ranka na je ceta, ko gidana? Shi ya sa ban iya zuwa ba da ka fito. Ba girman kai ba ne. Ban san da wace fuska zan zo ba, ta wanda ya cece ka ko ta wanda ya sayar da kai."

Daga can nesa mai ɗaukar hoto yana ce wa amarya ta yi murmushi.

"To yanzu ka sani," in ji Baba. "Yanzu faɗa. In ka yafe, ka yafe. In ba ka yafe ba, ka faɗa mini, zan ɗauka. Amma da saninka nake so."

Numfashi kawai muke ji a wayar, mai nauyi, kamar na wanda ya hau tudu da gudu.

Na roƙi Allah a zuciyata ya sa Sokol ya maimaita kalmomin nan biyu. A lokaci guda kuma na ji ina tsoron ya maimaita su. Har yau ban san wacce addu'ar aka karɓa ba.

"Kai ne?"

Muryar ta canja. Ta koma ta saurayi.

"Baffa, kai ne? Kai ka kai shi?"

"Sokol, don Allah..." in ji Teuta.

"Haƙoransa! Tarin nan da na tashi ina ji kowace safiya! Yana tofar da jini a tsumma yana ɓoyewa kada Mama ta gani, ashe kai..."

Teuta ta kashe wayar.

Baba bai motsa ba. Hannunsa yana nan a sama inda wayar take a da.

"Baffa," ya ce a hankali. "Wa ke ce mini Baffa?"

"Layi ne ya haɗu, Baba. Sokol ne ya karɓi wayar daga hannunsa, ka san yaran yanzu..."

"Teuta."

"Na rantse, Baba, idon ne yake masa ciwo, shi ya sa..."

"Na ce Teuta."



Ya juyo gare ni. Bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

"Astrit. Kai ba jinina ba ne. Ba ka da abin da za ka kare. Ina ƙanena?"

Teuta tana girgiza mini kai a bayansa, hawaye har haɓa. Na san abin da likita ya ce. Na san Litinin jibi ce. Amma mutumin nan ya hau tudun nan da rabin zuciya, ya ajiye abin da ya ɗauka tun ina cikin ciki, kuma ya ajiye shi a gaban wanda ba shi ya nufa ba. Na duba ko'ina a cikina ban sami sauran ƙarya ba.

Na durƙusa a gabansa.

"Baba, Allah ya yi masa rasuwa. Mun binne shi. Ba a yi arba'in ba tukuna."

Na ɗauka faɗuwa zai yi. Na ware hannuwa ina jira.

Bai faɗi ba. Ya buɗe baki da kansa, na sa masa ƙwayar ƙarƙashin harshe. Ya juya yana kallon tafkin, leɓɓansa suna motsi, har ƙwayar ta narke.

"Kai ma ka je jana'izar?"

"Na je, Baba."

"Ranar da ka ce mini motar wani ce ta mutu a hanyar garin Durres."

"Ranar ce."

Ya gyaɗa kai.

"To ya tafi bai sani ba. Ya tafi yana zaton maganar taron makaranta ce kawai tsakaninmu."

"Ya sani, Yaya."

Inna Ikbale ce. Ta saki bangon ta zo ta tsaya a gabansa.

"Kai kaɗai ya gaya wa. Da suka fito masa daga cikin ciyawa suna kiran sunansa, wa zai zarga? Kifi?"

"Ya sani..."

"Tun a ranar. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ni kaina sai da ya kwanta ciwon ajali na ji. Sokol kuwa sai yau, daga bakinka."

"Bai taɓa zagina ba?"

"Ya zage ka a kan rowa, ya zage ka a kan ba ka iya iyo ba. A kan wannan, ko sau ɗaya."

Baba ya yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo.

"Da ya ga abin ya zo," ta ci gaba, "sai ya ce a kira masa kai. Ya ce yana da magana, amma a kunnenka zai faɗa."

Baba ya kama hannun rigarta.

"Wace magana?"

"Na tambaye shi. Ya ce ba tawa ba ce."

"Yafiya ce? Amarya, ki dubi Allah. Yafiya ce ko..."

"Wallahi ban sani ba, Yaya. Da na sani da na faɗa maka, ko wacce ce. Na gaji da ƙarya yau."

"Fuskarsa fa? Da yake faɗa, fushi ne a fuskarsa?"

"Fuskar mai ciwo ce."

Ya saki rigar. Hannun ya faɗo kan gwiwarsa.

"Tirana ba Italiya ba ce. Tafiyar safiya ce. Ko a kan gadon asibiti ne da na zo. Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Na kira."

"Kin kira?"

"Na kira gidanka. Na ce Esat yana mutuwa, yana neman yayansa. Aka ce mini zuciyarka ba za ta ɗauka ba, a bari sai bayan aiki. Na koma na ce masa kana hanya. Ya sa na gyara masa matashi ya fuskanci ƙofa. Ita yake kallo har ya cika."

Ni ban taɓa jin labarin wannan kiran ba. A gida ɗaya muke kwana da Baba da Teuta, amma ban taɓa ji ba.

"Wa ya ɗauki wayar?" in ji Baba.

Inna Ikbale ta ɗaga ido kawai ta dubi bayansa.

Na juya. Teuta ta ja da baya har ta jingina da ganuwa, jakar magunguna ta zame daga kafaɗarta ta faɗi, kwalabe suna gangarawa a kan duwatsu.

Baba ya dafa sandarsa. Na kai hannu zan taimake shi, ya ce kada in taɓa shi. Ya miƙe da kansa, ya juya, ya fuskanci 'yarsa.

"Teuta," ya ce. "Dube ni."